Masu Zama a Ƙarƙashin Gidan Muk Sah

Kuna ƙarƙashin gidan a ranar, kusan dukanku. Mata na ɓare tafarnuwa, maza sun baje a inuwa tsakanin dirkoki suna musu a kan ko ruwan kogin Mekong zai janye da wuri bana. A samanku kuwa, daɓen gora kaɗai ya raba ku, Muk Sah tana kwance ta daina magana. Ba wanda ya ɗaga kai ya nemi dalili. Kuka ce ciwo ne ya kama harshe, kuka ci gaba da shan shayi.

Ni ce Rohimah, maƙwabciyarta, mai koyarwa a firamare. Tun azumin bara nake taya ɗanta, Kawu Romly, haɗa littafin tarihin gidansu, saboda 'ya'yansa suna aiki a Malesiya, jikokinsa kuwa ko yarenmu na Cham ba sa ji. Mun rubuta aurenta, da mijinta da aka tafi da shi bai dawo ba, da yadda take sallah a kwance da ƙiftawar ido a zamanin Khmer Ruj, lokacin da sujada ɗaya kan jawo wa mutum kisa. Shafin farko ne ya gagara. Kowa a ƙauyen nan ya san ba ita ta haifi Kawu ba, goye ta zo da shi daga sansanin aikin dole. Kun sani tun kafin a haife ni, kuka mai da tambaya abin kunya. Shi ma duk sanda ya taɓo zancen, sai ta ce sai lokaci ya yi. To lokacin ya yi. Ita kaɗai ta san sunan iyayensa, ga shi bakin ya rufe.

Duk sanda Kawu ya durƙusa ya ce, "Inna, wa ya haife ni?" sai ta zaro ido ta nuna ƙasa da yatsa. Liman ya hau ya gani, ya ce kabari take nunawa, ta san tafiya ta zo. Maganar ta zaga, jama'a suka ƙaru, tunda a wurinmu ba a barin gidan mai jinya babu mutane. Suna ƙaruwa tana ƙara datse haƙora.

Da hantsi na hau mata da faten shinkafa. Numfashinta ya fara sarƙewa. Sai ta damƙe wuyan hannuna ta jawo ni. Da yaren Khmer ta yi raɗa, ita da ban taɓa jin ta yi shi a cikin gidanta ba.

"Suna ƙasa. Ki ce wa Romly ya yi shiru."

Na leƙa ta tsakanin gorar. Kawunan mutane ne birjik, wani yana tari, wani yana dariya ƙasa-ƙasa. A wancan zamanin haka ake turo 'yan leƙen asiri su laɓe ƙarƙashin gidaje, su ji wa ya yi Cham, wa ya ambaci Allah. Hankalin Muk ya koma can, mu kuma da zumuncinmu muka zame mata su.

Na sauka na ce kowa ya tashi. Ban iya zaɓen kalma ba, haka na faɗa.

Inna Mariyas, matar Kawu, ta ajiye wuƙa. "Malama, nan ba aji ba ne. Baƙin surukata za ki kora?"

Ong Him, wanda ya girmi kowa a wurin, ya ce yaran yanzu da sun je makaranta a Phnom Penh sai su dawo suna koya wa kakanninsu yadda ake mutuwa. Aka yi dariya. Na ce masa shi da ya rayu a lokacin, ya fi ni sanin wa ke zama ƙarƙashin gida yana sauraro. Dariyar ta tsaya. Amma bai tashi ba, sauran ma suka gyara zama. Ina jin tarin Muk a sama, kowane ɗaya ina cewa shi ne na ƙarshe.

Kawu ne ya sauko. Mutum ne da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ɗauki butar shayin daga kan wuta, ya wuce da ita harabar masallaci. Ong Him ya lalubi sandarsa ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya kuka kwashe tabarmi kuna gunaguni.

Da muka koma sama, Muk ta daɗe tana kasa kunne. Ta sa Kawu ya sake sauka ya duba.

"Ba kowa, Inna. Kaji ne kawai."

Sai ta yi magana da Cham, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. Ta ce mahaifinsa Sles ne, maƙeri daga Prek Sandai, an kashe shi kafin a haifi Kawu. Uwar tasa a rumfa ɗaya suke kwana da ita. Da ta haihu babu namijin da ya yarda ya matso, sai uwar da kanta ta yi masa kiran sallah a kunne, tana jijjiga shi kamar mai lallashi. Zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ya fara zama.

"Sunanta fa, Inna?"

"Chanta suke ce mata. Masu sansanin ne suka sa mata shi." Ta lumshe ido. "Na gaskiyar ta taɓa gaya mini, sau ɗaya, a bakin rijiya. Tsaya. Yana nan zuwa."

Muka tsaya. Leɓenta na motsi. Kawu ya kai kunnensa dab da bakinta.

Babur ya shigo ƙarƙashin gidan. Dangi ne daga ƙetaren kogi, ba su san komai ba, suka kashe inji suna ta sallama. Muk ta buɗe ido ta dubi daɓen, ta haɗe baki. Na sauka da gudu na janye su, amma ba ta ƙara cewa komai ba. Washegari kafin azahar ta cika.

Kun zo jana'iza, kun ce ta yi kyakkyawan ƙarshe. Littafin ya kammala, da hotuna da komai, amma Kawu ya hana a kai shi wurin bugawa. Ya ce ba zai aika wa jikokinsa sunan da makasa suka laƙaba wa uwarsa ba.

Mutanen Prek Sandai ba su ƙare ba, sun warwatsu ne a ƙauyukan bakin kogin nan. In akwai ɗayansu a gidanku, ko a gidan surukanku, kada ku jira sai ya kwanta. Ku je yau ku tambaye shi sunan matar Sles maƙeri. Kawu Romly yana zaune a kan tsanin gidan, da takardun a cinyarsa.