Shirun da Na Yanke daga Waƙar Manzo

Ka ji muryarsa. Kada ka ce mini ba ka ji ba, don waya tana nuna mini sunan duk wanda ya buɗe saƙo. Mu ɗari biyu da sha ɗaya ne a zauren WhatsApp na Waƙoƙin Damargu. Ka buɗe, ka saurara, ka kau da kai, ka koma kallon bidiyon barkwanci.

Ni na buɗe zauren bara, daga ɗakin da nake haya a Tanut, inda nake koyarwa. Dokarsa ɗaya ce: kowace Juma'a bayan la'asar, mai waƙa ya turo, ba sai maroƙi ba, ba sai ɗan gado ba. Da farko mutum sha tara ke turowa. Mai gurminmu ya tafi haƙar zinari. Matan Falanko masu lugude, mazansu suka ce ya isa haka. Kafin damina ta kankama, saura Manzo kaɗai.

Manzo manomi ne a wani ƙauye kusa da Gangara, ya haura sittin. Shi ke ba da waƙa a gayya tun zamanin da maza ke cika gona. Babu rezon waya a ƙauyensu, sai ya hau tudun yashi da ke bayan gari kafin saƙo ya fita. Waƙarsa takan kai minti sha ɗaya, don bayan kowane baiti sai ya yi shiru, ba ka jin komai sai iska tana kaɗa wayar. 'Yan zaure suka fara ƙorafi, wai tana cinye musu mega, wato data. Ni kuwa mai ilimi, na zauna na yanke duk shirun, na mai da ita minti huɗu, na tura ina jin na yi gyara.

Juma'a biyu Manzo bai turo komai ba. Ran Asabar na hau kabu-kabu na tafi. Na same shi a gindin aduwa yana gyara ƙotar hauya.

"Mushe, sannu da hanya," in ji shi, don haka ake kiran malamin boko a wajenmu. "Likitan waƙa da kansa."

"Baba, lafiya kuwa? Mako biyu shiru."

"Au, ashe shiru yana damun ka? Ni na ɗauka yanke shi kake yi."

Ya ciro wayar daga aljihu, ya kunna wadda ya rera tun farko. Baiti ya wuce, iska ta shigo. Ya ɗaga yatsa.

"Nan Jika ke shiga, shi ne farkon layi. Abdu yana binsa, kullum a makare, da murya kamar ta jaki mai mura. Mu sha huɗu ne, hauya na tafiya tare. Jika Allah ya yi masa rasuwa. Saura suna Libiya da Aljeriya, da su da 'ya'yansu, kuma kai da bakinka ka ce mini suna cikin zauren nan naka. Shi ya sa na bar musu wuri. Ka zo ka share."

"Ban sani ba, Baba."

"Ai na san ba ka sani ba. A lakwal ɗinku ta boko ba a gayya." Ya ci gaba da fiƙar ƙota. "Da na ji wadda ka gyara, sai na ji wani tsoho yana ta surutu shi kaɗai kamar mai taɓin hankali. Halimatu 'yata ma ta tambaye ni ko wani ne ya koro ni."

Na ba shi haƙuri har ya gaji da ji. Da na koma Tanut na sake tura waƙar ɗungurungum, da shirunta, na rubuta bayani da Hausa da Faransanci: wannan wurin amshi ne, kowa ya naɗi muryarsa ya turo, zan haɗa su a kai. Mutum ɗari da arba'in suka buɗe. Wani ya rubuta, "Allah ya ƙara basira." Wani ya turo tallan takalma. Murya ko ɗaya ba ta zo ba.

Sai na kulle ɗaki na yi amshin da kaina, na tura wa Manzo. Washegari ya kira ni daga kan tudu, yana haki.

"Mushe, na gode. Amma mutum ɗaya ba ya amshi. Kuma taka muryar, ka bar wa yara ita a aji."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce gwiwarsa ba ta son yashin nan kuma. Juma'ar nan zai hau sau ɗaya, ya rera, ya zauna har rana ta yi ja. In bai ji kowa ba, zai ba Halimatu wayar ta riƙa cinikin ƙuli-ƙulinta da ita.

"Wanda ya yi sallama sau uku ba a amsa ba," in ji shi, "ai juyawa yake yi."

Na san abin da za ka ce. Kana ɗaki da mutum takwas a Sabha ta Libiya, kana jin kunya. Kana ofis a Damagaram, girmanka ya wuce waƙar noma. Ubanka bai ji kunyar amsa wa Manzo ba, kuma da geron gayyar nan aka yaye ka.

Gobe Juma'a. Zai ce, "Ƙasa ta jiƙa, ina maza?" Kai kuma ka ce, "Sai mun kai bakin gona." Fita waje bayan la'asar, danna wayar, ka ɗaga murya ka amsa masa kafin ya sauko daga tudun.