Kwanson da Gwadabe Ya Share

Gwadabe ya zo umra ne bai koma ba. Da zama ya yi zama, Abduljalil, wani Bahaushen Sudan da suke sallah a masallaci ɗaya a unguwar Kurayyat ta Jidda, ya sama masa aikin shara a wani filin koyon harbi da ke bayan gari. Ba a tambaye shi iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Idan masu harbi suka watse, sai ya bi layi da tsintsiya yana tara kwanson harsashin ƙananan bindigogi, ya juye a durom, a kai wa masu narka tagulla.

Cikin masu zuwa akwai Thamer, wani Balarabe mai sanyin murya, wanda ba ya barin filin sai ya gaishe shi. Wata rana ya tsaya a kansa.

"Ya Hajji, ka riƙa ware mini waɗanda ba su lotse ba. Ado nake yi da su."

Gwadabe bai ga aibu ba, abin da za a narke ne. Ya riƙa tsince masu kyau da hannu yana ƙulle masa a leda.

Ran nan bayan la'asar Thamer ya ce ya kai masa ledar unguwar Bagdadiyya, wani ɗaki a bayan shagon gyaran agogo. Yana shiga wani wari ya doke shi, irin wanda yake ji a filin bayan an yi harbi. A kan tebur an kafe wani ƙarfe mai mariƙi, gefe ga gwangwanin albarushi. Kwanson da ya saba sharewa fanko kuwa ga su nan jere a tire, an goge su suna ƙyalli, kowanne an sake ɗura shi an sa masa kai.

Thamer na sanye da safar hannu, ga zafin Jidda. Ya ɗauki guda ya miƙa masa.

"Riƙe ka ji nauyinsa."

Gwadabe ya karɓa ya juya shi, don kunyar ƙi. Thamer ya tsame shi daga tafinsa a hankali, bai mayar cikin 'yan'uwansa ba, ya sa shi a wani ƙaramin akwati shi kaɗai ya rufe.

"Halas, shi ke nan. Allah ya ba ka lafiya."

A hanyar komawa Gwadabe ya yi ta goga yatsunsa a jikin riga, yana tuna shatinsu da ya bari a jikin harsashin. Bai sake ware ko ɗaya ba, Thamer ma bai sake leƙo filin ba.

Ana nan sai labari ya bazu an harbe wani ɗan kasuwa a ƙofar gidansa a unguwar Ruwais. Washegari Abduljalil ya kira shi a waya.

"Kada ka zo aiki. Askarawa sun zo suna tambayar wanda ke share kwanso."

Matar Gwadabe, Sajida, mai sayar da gyaɗa a bakin masallaci, ta ce su tattara su nufi Makka su ɓuya.

"Ki bari," ya ce. "Idan na gudu, ni na yi."

Da ƙafarsa ya kai kansa. Ya faɗi komai, ya jagorance su har Bagdadiyya. Suka tarar da ɗakin an wanke shi tas, sai ramukan kusoshi a tebur. Mai agogo ya rantse bai san wani Thamer ba. An yi ta juya Gwadabe da tambayoyi, daga ƙarshe aka tura shi inda ake tsare marasa iƙama kafin a mayar da su gida.

Ana gobe za a sa shi a jirgi ya samu ya kira Sajida.

"Malam, wani Balarabe ya zo ɗazu," ta ce. "Ya sayi gyaɗa, ya ce in gaishe ka. Har sunanka ya sani."

"Ki bar gidan yau. Ki tafi wurin Abduljalil."

"To ai yana nan tsaye a tsallaken titi. Bai ma buɗe gyaɗar ba."