Wa Ya Sha Man Alhaji Haliru

Alhaji Haliru dillalin albasa ne a Boɗinga. Shekara goma sha bakwai ya yi yana kwaso kaya daga fadamun Danchadi da wata tsohuwar akori-kura wadda da igiya ake ɗaure ƙofarta. Motar ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma ba ta taɓa tsayawa a hanya ba, don Badaru ne ke tuƙa ta. Badaru ɗan gwaggon Alhaji ne, ya girme shi da shekara biyu, mutum ne marar yawan magana wanda yakan gane ciwon inji daga kukansa.

Shekarar da albasa ta yi daraja, sai Alhaji ya ga bai kamata mutum kamarsa ya riƙa fitowa daga motar da sai an kwance igiya ba. Ya shiga Sakkwato, ya dawo da sabuwa fil, fara, mai ƙofa huɗu, doguwa har sai ya tattare babbar riga ya kama ƙarfe kafin ya hau. Ledar kujerun ma cewa ya yi kada a kuskura a cire. Wanda ya sayar masa ya rantse cewa irin wannan ba ta shan mai, sunsuna shi kawai take yi. Maganar ta yi wa Alhaji daɗi ƙwarai, har ya mayar da ita tasa, yana faɗa wa duk wanda ya zo yi masa murna.

Badaru ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali.

"Alhaji, injin ga babba na. Irin wagga ta manyan ma'aikata ce, waɗanda wani ka saya musu mai."

"Kai ka saba da gwangwani," in ji Alhaji. "Tuƙa dai, ka bar ilimi ga masu shi."

Badaru ya tuƙa. Kafin mako ya zagayo, Alhaji ya daina kallon mutanen da ke ɗago masa hannu a bakin titi, idonsa ya koma kan allurar mai. Daga Boɗinga zuwa Danchadi, tafiyar da tsohuwar ke yi allurarta ko motsi ba ta yi ba, wannan sai ka gan ta tana sunkuyawa a gaban idonka. In an ɗora buhunan albasa kuwa, sai ta yi kamar an huda tankin.

Da farko ya ce masu gidan mai ne ke tauye masa mudu. Ya sauya gida uku, a na ukun har ya sa aka zuba a galan a gabansa, ya kuma ga ya cika. Sai ya ce man zamani ne ya tsinke, ba ya da nauyi. Ranar da matarsa Kaltume ta ce masa, "Alhaji, ko dai motar ce?" bai ci tuwonta ba.

A majalisar bakin kasuwa ne wani dillali ɗan uwansa, Lukman, wanda ya fi kowa jin haushin farar motar, ya ce yana dariya, "Sabuwar mota ba ta shan mai haka nan, sai in da mai taya ta sha."

Wasa Lukman ya yi, amma maganar ta zauna wa Alhaji daram. Idan motar ce, to shi ne aka yi wa wayo a Sakkwato, shi da ya yi wata guda yana koya wa mutane yadda injin zamani yake. Idan kuwa ɓarawo ne, ai kowane mai arziki ana yi masa sata, har ma abin faɗa ne. Nan take ya tuna Badaru yana da ɗan lambu a fadama, da injin ban-ruwa, kuma injin fetur yake sha. Ya tuna hannun Badaru kullum warin mai yake. Bai tsaya tuna cewa shekara goma sha bakwai hannun yana wannan warin ba.

Bayan sallar La'asar, a ƙofar masallaci, mutane ba su gama neman takalmansu ba, Alhaji ya miƙa wa Badaru hannu.

"Ba ni makulli. Lambunka ya sha ruwa ya ƙoshi da man motata."

Badaru ya dube shi, ya dubi jama'a.

"Alhaji, mi kac ce?"

"Ka jiya. Amana ta yi wuya."

Badaru bai rantse ba, bai yi gardama ba. Ya ciro makullin daga aljihu, ya ajiye a tafin hannun Alhaji, ya sa takalmansa ya tafi. Kafin Magariba rabin Boɗinga ta san cewa Badaru na tsotse tanki da tiyo. Akwai ma waɗanda suka ce sun gan shi.

Kwana huɗu bayan haka aka yi sunan jikan wani aminin Alhaji a Horo Birni, can ƙasar Shagari. Alhaji ya ce shi zai kai liman da dattawa biyu, kuma shi zai tuƙa da kansa, don kowa ya ga yadda mota ke tafiya in babu ɓera a cikinta. Tankin ya kusa ƙafewa, sai ya zuba galan biyu da hannunsa, daidai abin da tsohuwar ke sha zuwa da dawowa, ya kulle murfin, ya jefa makullin a aljihu. Aka ɗaure ragon gudummawa a baya. Liman ya yi jinkirin fitowa, Alhaji kuwa bai kashe inji ba. Ya zauna a ƙofar gidan liman wajen minti arba'in da na'urar sanyi a kunne, gilashi a rufe, yana amsa gaisuwa da kai.

Sun wuce Shagari lafiya. Suna sauka daga kwalta suka hau hanyar yashi, 'yar fitilar ƙarewar mai ta kama a gaban Alhaji. Ya ɗora hularsa a kanta. Ba su yi nisa ba motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, ta gangara ta tsaya a tsakiyar gonakin da aka girbe, babu ko inuwa.

"Mun iso?" in ji ɗaya dattijon, wanda ya yi barci saboda sanyi.

Alhaji ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Ya fita ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallon abin da bai san sunan ko ɗaya a ciki ba. Ragon ya yi kuka. Liman ya leƙo ta taga ya dubi allurar da kyau.

"Alhaji, kai kaz zuba man ga?"

"Ni naz zuba, Allah shi gafarta malam."

"Kai kak kulle?"

"Awo."

"To," in ji liman, ya koma ya zauna. 

Wani mai amalanken shanu da ya ɗauko kara ne ya kwashi liman da dattawan da ragon. Alhaji ya tsaya gadin motarsa har rana ta take, kafin wani ɗan kabu-kabu ya kawo masa galan daga wurin 'yan bumburutu a Shagari. Ya isa Horo Birni an raɗa suna, an raba goro, har an fara wanke tukwane.

Ya san gaskiya tun a wurin. Kaltume ta ce ya je ya ba Badaru haƙuri a ƙofar masallacin da ya tozarta shi. Ya ce zai je. Ya yi ta cewa zai je har damina ta faɗi. A tsakanin nan kuma ya yanke shawarar rabuwa da motar, sai ya tarar da wani abu: duk mai saye da ya zo, tambayarsa ta farko ita ce, "An ce tana shan mai?" Amsa ɗaya ce ke hana ciniki lalacewa.

"Direba na yac cuce ni," Alhaji kan ce, yana girgiza kai cikin takaici. "Ɗan uwa na kuwa. Motag ga sunsuna mai kawai take yi."

Wata Talata da hantsi, Maniru, wani mai fataucin shanu daga Shagari, ya zo ganin motar. Da gaske ya zo, har ya ce in ta yi masa a ranar zai tafi da ita. Sai dai ya ce shi dabba ya sani, bai san inji ba, don haka ya taho da sabon direbansa ya duba masa. Direban ya fito daga bayan motar Maniru yana goge hannu da tsumma. Badaru ne.

Suka gaisa kamar yadda ya kamata, har da tambayar iyali. Badaru ya zagaya motar, ya duba tayoyi, ya saurari inji, ya ce lafiyarta lau.

"Saura magana guda," in ji Maniru. "An ce tana shan mai. An kuma ce direba na ka sata. Ni ban san wadda zan ɗauka ba, ga mota, ga direba, duka ina so. Alhaji, kai kas san su duka biyu. Wane na?"

Alhaji ya dubi motar. Ya dubi Badaru, wanda ya naɗe tsummansa yana jira, fuskarsa ba fushi ba murmushi. Maƙwabta biyu da ke zaune a dakali suka daina hira.

"Ai ka san," in ji Alhaji, ya gyara hula, "sha'anin mai... hanya ma akwai yashi. Kuma shi mutum, zuciya tai Allah kaɗai ya sani."

"Alhaji," in ji Badaru a hankali, "ni nash sha ko ita?"

Alhaji ya sake gyara hula. Daga cikin zaure, inda ta tsaya ba wanda ya lura, Kaltume ta ce da ƙarfi, "Ita ta, Malam Maniru. Ita ka sha. Shi ma ya sani tun ranar suna."

Maniru ya yi dariya har da dafa mota. Ya ce ya gode, zai riƙe direban, Alhaji ya riƙe motar. Suka shiga tasu, Badaru ya ja suka tafi.

Alhaji ya yi kwana uku ba ya yi wa Kaltume magana, wai ta kashe masa ciniki. Haƙurin kuwa bai bayar ba. Abin da ya yi shi ne ya aika wa Badaru da buhun albasa, Badaru ya dawo da shi ya ce yana da tasa. A Boɗinga har yanzu akwai waɗanda in an ambaci Badaru sukan ce, "Wanda aka ce ya saci mai?" don labarin farko ya fi na biyun gudu.

Motar tana nan a ƙofar gida, an yi mata rumfar kwano. Albasa ta koma hawa motocin haya. Ranar Juma'a Alhaji yakan sa a wanke ta, ya hau ya je masallaci, tafiyar da yake yi da ƙafa sauran kwanaki shida, kuma ba ya kunna sanyi. Ya ce likita ne ya hana shi.