Sarƙa a Cikin Bokiti

Saura kiris Aku ta fasa rubuta abin. Sau uku tana ɗaukar biron da ke ɗaure jikin littafin ƙorafi, sau uku tana ajiyewa ta koma goge ƙasa. A aji huɗu na firamare karatunta ya tsaya, rubutunta kuwa kamar kaza ta yi tono. A karo na huɗu ta cije leɓe ta zana layi biyu: "Ƙofar baya kullum a kulle take da sarƙa. Keken Inna ba ya iya fita ta gaba." Ta rufe littafin ta ruga banɗaki, ta toshe baki tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai.

Gida ne na mutum tara, tsofaffi da masu lalura waɗanda zaman kaɗaici ya fi ƙarfinsu. Aku ce mai shara da gyaran gado. Inna ce ta laƙaba mata sunan, don yarinyar tana iya wuni ba ta furta kalma biyar ba. Ita kuwa Inna, shekara talatin ta yi tana sayar da kifi a kasuwa kafin ƙafafu su kwanta ta koma keken guragu. Ƙafa ta tafi, amma murya tana nan daram.

Ƙofa biyu ce a gidan. Ta gaba matakala huɗu gare ta, kuma kullum akwai ido a kanta. Ta baya ce mai gangare, ita kaɗai keke ke iya bi. Manaja ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Tun ranar da Baba Direba, wanda tsufa ya fara ruɗa shi, ya sulale ta baya aka tsince shi a tasha yana loda fasinja a motar da ba tasa ba, Manaja ya sa wa ƙofar sarƙa da kwaɗo. Makulli yana aljihunsa, ƙarfe biyar kuma ya tafi gida da abinsa.

Duk wata uku Jami'a takan zo daga hukumar duba gidaje, kuma sai an bugo waya kafin ta zo. Da safe Manaja zai kwance sarƙar ya miƙa wa Aku, ita kuma ta nutsar da ita cikin bokitin goge-goge. A tura Inna gindin bishiya tun da wuri, wai shan hantsi. In Jami'a ta ce a gwada fitar gobara, sai a kaɗa ƙararrawa, masu ƙafa su fito cikin minti biyu, kowa ya tafa. Littafin ƙorafi kuwa Manaja bai taɓa buɗe shi ba, don ba wanda ya taɓa rubuta ko alif a ciki.

Ranar da Jami'a ta zo bayan rubutun Aku ma haka aka yi. An tafa, an dawo falo, an kawo wa Jami'a ruwa. Ta jawo littafin don sa hannu kamar yadda ta saba, sai ta tsaya. Ta gyara tabarau, ta karanta layi biyun a bayyane.

"Wa ya rubuta wannan?"

Aku tana bayan kujera riƙe da bokiti, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Mai Rediyo, wani dattijo makaho da ba ya rabuwa da rediyonsa. "Da idona na ga sarƙar."

Dariya ta ɓarke.

"Kai, tafi can!" in ji Inna. "Ni na rubuta, 'yar nan. Kada ki saurare shi, ko hancinsa bai taɓa gani ba."

"Ke da hannunki ke rawa kamar mazari? Ko cokali sai an riƙe miki!"

Baba Direba ya miƙe ya gyara hula. "Ni ne. Takarduna kuma duk a cike suke, ofisa."

Har Jami'a sai da ta ɓoye fuska a bayan fayil. Manaja ya yi murmushi yana share gumi.

"Kin dai gani, ranki ya daɗe. Tsufa ne. Yau su ce sarƙa, gobe su ce jirgi ya sauka a kicin. Ga ƙofar can a buɗe, ke ma kin bi ta."

Dariyar ta ɗauke a fuskar Inna. Ta buɗe baki, ta rufe, ta kalli hannayenta. Tun da Aku ta zo gidan ba ta taɓa ganin an rufe wa Inna baki ba. Hannun Aku ya soma karkarwa, bokitin ya biye masa, sai ga ƙara daga cikin ruwa: kacau, kacau.

"Me ke cikin bokitin nan?" in ji Jami'a.

Aku ta ajiye shi a tsakiyar falo. Ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu cikin ruwan kumfa ta jawo. Sarƙa ta yi ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba, ga kwaɗo yana lilo a ƙarshe, ruwa na ɗiga kan takalmin Manaja.

"Ni ce," ta ce. Muryar kamar ta sauro.

"Me ya faru? Me ta ciro?" in ji Mai Rediyo.

"Kifi ta kamo!" Inna ta rangaɗa guɗa. "Aku ta yi magana, jama'a! Kalma biyu cur!"

Jami'a ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi a mayar da komai yadda yake a sauran ranaku. Aka maida sarƙa, aka datse kwaɗo, kowa ya koma ɗakinsa, Inna ta koma gado, keke a gefe.

"Kai kuma, Manaja, mu ɗauka ƙarfe biyar ta wuce. Je ka tsaya bakin titi da makullinka, ka tafi gida ke nan."

Ta danna agogo, ta kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mai Rediyo ya fito ya koma ɗauko batir. Wasu tsofaffi biyu suka cushe a ƙofa ɗaya, kowace na cewa 'yar'uwarta ta fara wucewa, ita ce babba. Baba Direba ya tsaya a baranda yana ba da hannu: "Taho, taho, taho! Tsaya! Akwai babbar mota!" Aku da mai girki suka ciccibi Inna suka ɗora a keke, suka nufi ƙofar baya a guje, suka yi karo da sarƙa, suka juyo. Aku dariya take, hawaye na zuba, ta rasa wanne ne ya fi ƙarfi.

"Bi a hankali, 'yar banza, ba buhun gawayi kika ɗauko ba!"

A bakin matakala keke ya tsaya. Suka gwada sauke shi da gaba, Inna ta yi kamar za ta kifa. Suka gwada da baya, mai girki ta ce bayanta ya riƙe. Sauran duk sun fita suna gindin bishiya suna ihu, "Saura ke, Inna! Saura ke!" kamar masu kallon ƙwallo. Manaja yana bakin titi, hannu cikin aljihu, ya kasa ɗaga kai.

"Minti goma sha ɗaya," in ji Jami'a, ta tsayar da agogo.

Inna ta dubi matakala huɗun nan da ke ƙarƙashinta.

"To, da tuni na gasu," ta ce. "Ku ce wa 'ya'yana ba sai sun sayi likkafani mai yawa ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Manaja ya tako a hankali, ya zaro makulli ya miƙa. "Ranki ya daɗe, na ji, na yi kuskure. Amma in na buɗe, Baba ya fita mota ta kaɗe shi, wa zai amsa? Ni na je tasha na ɗauko shi. Ni na san abin da na ji a ranar."

"Da ka faɗa mana tun farko, da mun nemi mafita tare," in ji Jami'a. "Sarƙa dai ta fita yau. Cikin mako guda za a zo a sa wa ƙofar na'urar da ke ƙara in an buɗe. Kafin nan ku sa ido. Rahoto kuma zan rubuta shi yadda na gani."

Ta tafi da sarƙar a cikin leda. Manaja ya daɗe yana kallon Aku.

"Mako guda, ƙofa a buɗe, Baba yana gida. Ke da kika iya rubutu, sai ki faɗa min yadda za mu yi."

Aku ta ɗauki bokitinta ta koma aiki tana murmushi. A hanyar gida ma murmushi ne ke ƙwace mata, har mai kanti ya tambaye ta ko albishir aka yi mata. Ta girgiza kai, ta nuna gwangwanayen madara da ya tara a kwali, ta roƙe shi guda shida.

Washegari ta riga kowa isowa. Ta huda gwangwanayen da ƙusa, ta zuba tsakuwa a kowanne, ta zarge su da igiya, ta hau kujera ta rataya a saman ƙofar baya. Ta tura ƙofar kaɗan. Ƙarar ta tashi gidan gaba ɗaya, har mai girki ta fito da ludayi a hannu.

Baba Direba ne ya fara zuwa. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, ya kasa kunne.

"Injin nan yana son juyen mai," ya ce, ya ja kujera ya zauna gadinsa.

Aku ta wuce ɗakin Inna, ta ɗaura mata ɗankwali, ta zaunar da ita a keke.

"Ina kuma za mu da sassafe haka? Yau ma wata Jami'ar ce?"

"Babu kowa, Inna. Yawo za mu."

"Iye! Kalma shida! Baba, ba mu hanya!"

Baba Direba ya wangale ƙofa, gwangwanaye suka kaure da ƙara, Aku ta saki keke a kan gangare tana biye da gudu.