Sifilin da Na Koya Musu

Ni fa malamar lissafi ce, kowa ya sani. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da shi, ba wanda ya taɓa kama ni da kuskure. Da malamin fiziks ɗinmu ya samu canjin wurin aiki, sai shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Malama, ai duk lissafi ne. Riƙe mana 'yan ajin ƙarshe kafin a turo wani." Har yau ana nan ana turo wanin.

Haka na riƙa lallaɓawa, in karanta babi yau in koyar gobe.

Akwai wata yarinya a layin gaba, 'yan aji na ce mata Don-Me, saboda kafin ka rufe baki ta ɗaga hannu. Jami'a ta riga ta ba ta gurbin karatun injiniya, amma da sharaɗi: sai ta fito da maki mai kyau a fiziks a jarrabawar ƙarshe. In ta gaza, a ba na bayanta.

Ran da abin ya faru muna babin cajin lantarki. Na ɗiga ɗigo biyu a allo, caji biyu masu ƙarfi ɗaya, duka masu alamar tarawa. Na ce in ka ajiye na uku irinsu a tsakiya daidai, wannan ya tura shi dama, wancan ya tura shi hagu, ba inda zai motsa. Wannan gaskiya ne. Sai na ƙara da nawa: tunda turi ya kashe turi, fotenshal ma a wurin sifili ne.

Hannu ya tashi.

"Malama, don me? Ba ke kika ce fotenshal shi ne aikin da za a yi kafin a kawo caji daga nesa zuwa wurin ba? Ai su biyun korar sa suke yi tun daga nesa. Sai an sha wuya kafin a kai shi tsakiya. To ina wuyar ta tafi?"

Ana zafi, kaina na sarawa, ga idanu arba'in da biyu a kaina. Na miƙa mata allin na ce, "Zo karɓa, Farfesa, ni in zauna a kujerarki." Aji ya kwashe da dariya. Ban ƙyale ta haka ba, sai da na tsaya a kanta ta rubuta sifili a littafinta, ta ja layi biyu a ƙasa.

Da yamma na buɗe littafin fiziks a gida don in samo abin da zan ƙara rufe mata baki da shi. Ashe gaskiyarta ce. Turi yana da dama da hagu, shi ya sa ɗaya ke kashe ɗaya. Fotenshal ba ruwansa da wannan, tara shi ake yi, a tsakiyar nan ma ninki biyu ne.

Na ce ran Litinin zan gyara. Ran Litinin na shiga, na ga fuskarta, na tuna dariyar nan, na fasa. Na ce gobe. Na duba tambayoyin shekara goma da suka wuce, ban ga an taɓa kawo shi ba, na ce to shi ke nan. Ana haka aka ba su hutun bita, kowa ya kama gabansa.

Ranar jarrabawa ɗaya daga cikin masu tsaron ɗaki bai zo ba, shugaba ya ce in cike gurbinsa. Matar da hukumar jarrabawa ta turo ta sa ido ta tara mu a bakin ƙofa, ta sauke tabarau ta ce, "Duk malamin da ya yi wa ɗalibi magana ko ishara, sakamakon ɗakin nan gaba ɗaya zan sa a soke. Kun ji ni?" Muka ce mun ji.

Aka yage ambulan, aka raba takardu. Na leƙa ta kan teburin farko. Tambaya ta uku, dole ce, maki goma sha biyar. Ɗigo biyu, tsakiya. A nemo fotenshal, sannan makamashin da caji na uku zai tara a wurin, sannan gudun da zai yi in aka ɗan gusar da shi ya kuɓuce. Duk wanda ya fara da sifili, sifili zai yi ta kwasa har ƙasa.

Na fara zagaye tsakanin tebura, hannuwana a baya. Sifili. Sifili. Wani ma har murmushi yake yi, ya samu ta ɓagas. Fanka na ta ƙara a sama, ni kuwa ji nake kamar in kurma ihu in ce ƙarya na koya muku. In na yi, na kashe su duka. In na yi shiru, na kashe musu maki goma sha biyar. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Na iso kan Don-Me. Ta cika rabin shafi da ƙananan rubutunta, ta tara na dama da na hagu, ta samu amsa daidai. Na ji wani sanyi a raina, na ce Allah na gode, ko ita kaɗai ta tsira.

Sai ta ɗago ta dube ni.

Matar hukuma na tsaye taku uku daga inda nake, idonta a kanmu. Ba halin in gyaɗa kai, ba halin murmushi. Na ɗaure fuska tamau don kada a ga komai, na kau da kai na wuce. Ban yi nisa ba na ji ƙarar rula a kan takarda. Da na zagayo, ta ja layi ta soke rabin shafin nan, tana rubuta sabuwar amsa a ƙasa. Na tsaya jikin taga ina kallon agogo, minti hamsin cur.

Da aka karɓi takardu aka liƙe ambulan, yara suka yi waje suna hayaniya. Ita ta jira ni a bakin ƙofa, tana goge tawada a yatsanta.

"Malama, na gode," ta ce. "Saura kaɗan in sake yin taurin kan nan nawa. Da na ga ranki ya ɓaci sai na gane, na gyara." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Ki yafe min abin da na yi miki a aji rannan."

Na tsaya ina kallon tawadar da ke yatsanta. Ta ɗauka na yafe, ta rataya jakarta ta bi ƙawayenta da gudu.