Ɗantala Ya Yi Gemu

Malam Sunusi bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, shiru kawai ya yi, shekara tara cur. A ɗakinsu na unguwar Mansura a Doha su shida ne, direbobi da masu gadi, shi ne babba. Shi ke jan salla, shi ke raba faɗa, in ya yi gyaran murya kowa ya shiga taitayinsa. Abu ɗaya ne ba ya so su sani: shi ne Ɗantala.

Shekara talatin da suka wuce an yi wani wasan talabijin a Kano, Gidan Inna Ajaratu. Uwa ce da 'ya'ya huɗu masu tashen balaga, autansu Ɗantala, ɓarawon ƙanzo, wanda kullum ake bi da muciya. Sunusi na da shekara ashirin da huɗu a lokacin, ƙanƙantar jiki ta sa aka ba shi ɗan sha biyar. Yanzu ga gemu, ga furfura. Ya san ran da yaran nan suka gane, girma ya faɗi, kuma girma in ya zube ba ya kwasuwa. Duk Juma'a Garzali mai gadi sai ya kunna tsohon wasan a waya, su yi ta ƙyaƙyatawa, Malam kuwa ya ja carbi ya ce shirme ne.

Rannan Garzali ya zo da labari: Safiyatu, wadda ta fito a Inna, ta zo Doha duba 'yarta mai karatu, za a yi mata walimar rana a unguwar Al Wukair. Mota kuwa a hannun Malam take. Ya kai yaran wurin walimar, ya ce kansa na ciwo, ya tsaya daga bakin ƙofa. Amma kowa ya ci tuwo da ita miya ya sha. Sai ga ta ta fito tarbar baƙi, suka yi ido huɗu.

To ran da aka rufe wasan, 'yan wasan sun yi alkawari: wanda ya fito a ɗa, ɗa ne har abada, ko'ina ya ga uwarsa zai durƙusa. Shi kuwa ya girme ta da shekara biyu. Ya dubi yaransa biyar, ya dubi matar. Alkawari kaya ne. Ya tattare jallabiya ya kai gwiwa ƙasa.

"Inna, ina wuni."

"Ɗantala, kai ne da gemu haka? Ina ƙanzona?"

"Na tuba, Inna, ɓera ne."

Wuri ya kaure da dariya. Malam ya miƙe bai iya ɗaga kai ba. Garzali ya matso ya ce tun ranar da suka fara ganinsa suka gane shi, kunnuwan nan ba sa ɓuya. Wasan da yake kunnawa duk Juma'a, jira yake Malam ya gaji ya faɗa da bakinsa.

Da la'asar ta yi, Malam ya ja da baya ya laɓe a sahu na biyu. Garzali ya riƙo hannunsa.

"Yalla Malam, wuce gaba. Wanda ya durƙusa don alkawari shi muke bi."

Ya ja su salla kamar kullum. Abu ɗaya ne ya sauya a ɗakin: tun daga ranar, in an dafa shinkafa ba mai taɓa gindin tukunya. Sai a tura masa ita gabansa, a aje cokali, kowa ya ɗauke kai.