Bugun Bango

Cokalin yana bakin Oga, amma ya datse haƙora kamar an sa kwaɗo. Maman Oga ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta yi barazana, duk a banza. Can sai aka bubbuga bango daga ɗakin maƙwabta, ƙwas-ƙwas. Yaron ya wage baki yana dariya, ya haɗiye abincin. Ita kuwa sai ta haɗe rai.

Shekarar Oga tara, ba ya tafiya, ba ya magana, amma daga kan kujerarsa mai taya yake juya gidan, shi ya sa sunan ya bi shi. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke juya shi a shimfiɗa kada bayansa ya yi gyambo. Da sabuwar shekara ta kama sai ta ɗaura niyya: bana ita ma za ta samu lokacin kanta, ko barcin rana ne, ko zuwa kitso. Maƙwabciyarta, wata dattijuwa da ake kira Mai Keke saboda sana'ar ɗinki, ta ce a riƙa turo mata shi da yamma.

Barci kam ta yi, kitso ma ta yi. Sai dai ta bango take jiyo ƙarar keken ɗinki da ƙyalƙyalar ɗanta, irin dariyar da bai taɓa yi mata ba. Tsohuwar har wasa ta koya masa, ta buga bango shi kuma ya buɗe baki. Ita da ke shan wahalar, kallon ma'aikaciyar asibiti yake yi mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kishi take ji, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Sai ta shiga ƙirƙiro dalilai, yau yana mura, gobe ya yi barci, har niyyar sabuwar shekara ta bi ruwa.

Mai Keke ba ta ja zancen ba. Ciwo ma ya soma cin ta, keken ya yi shiru, 'yarta ta dawo jinya. Amma duk lokacin cin abincin Oga sai bugun ya zo, kullum yana ƙara rauni.

Ranar da Maman Oga ta leƙa dubiya, ta tarar an jawo gadon jikin bango. Tsohuwar ta rame ƙwarai, tana riƙe da almakashin da take bugun da shi.

"Ina mijin nawa? Kin ƙwace mini shi," in ji ta.

"Mura yake yi, Iya."

Tsohuwar ta yi murmushi. "'Yar nan, ke ya san ba inda za ki, shi ya sa ba ya wahalar yi miki dariya. Ni baƙuwa ce. Ki kawo mini shi gobe."

Ta ce to. Da goben ta zo ta fake da wanki, ta ce sai jibi. Jibin da safe kukan 'yar Mai Keke ne ya tashe ta.

Mutane suka cika baranda, ana ta cewa baiwar Allah ta huta. Oga kuwa ya juya kai wajen bango yana jira, wuni guda ko ruwa bai karɓa ba. Ga shi maganin farfaɗiyarsa ba ya shawuwa sai da abinci, in kuma ya tsallake, ta san abin da ke biyo baya. Ta buga bangon daga nan inda take, ya dubi hannunta ya kau da kai. Ta yi kuka, har ta ji haushin mamaciyar: ta tafi ma ba ta sakar mata ɗa ba.

Washegari ta je ta kamo hannun 'yar marigayiyar, ta zaunar da ita gaban Oga, ta danƙa mata kwano da cokali.

"Da ya buɗe baki ki zuba masa, kada ki jira."

Ita kuma ta shiga ɗakin Mai Keke. An naɗe katifa, an rufe keken da zane, almakashin yana kan taga. A jikin bango ta ga inda fenti ya ɓaɓɓare, daidai tsayin hannun mutumin da ke kwance. Ta durƙusa ta buga, ƙwas-ƙwas.

Can sai ga dariyar ta ratso bango, cikakkiya, har da shiɗewa.

Ta jingina goshinta a wurin da fentin ya ɓare, ta bari ya haɗiye, sannan ta sake bugawa.